Ban taɓa yin magana da harsuna ba: shin Ruhu Mai Tsarki yana cikina?

"Baba Fasto, barka da aiki. Ni tela ne a nan Zinder, shagona yana Sabon Gari. Gidanmu Kirista ne tun daga kakana, an kuma yi mini baftisma ina da shekara goma sha bakwai. Kwanan baya wani abokina ya kai ni kwanan addu'a a majami'arsu. Mutane na ta faɗuwa, wasu na magana da harsuna, wato da harshen da ba su taɓa koya ba, ni kuwa ko gezau. Da muka fito sai ya ce ai ba ni da Ruhu Mai Tsarki, wai Kiristancina na gado ne kawai. Da na ba kakata labari ta ce wannan bori ne aka sake wa riga. A fada kuma, wajen shan shayi, abokaina Musulmi sun ce Ruhul Kudus ai Mala'ika Jibrilu ne, ba wani ba. Kaina ya ɗaure. Wane ne Ruhu Mai Tsarki, mene ne aikinsa, kuma ta yaya zan san yana cikina?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Mutum uku ka ji, kowa da inda ya ja ka, kuma ba wanda ya yi maganar banza a cikinsu. Abokanka na fada sun taɓo batun ko wane ne shi. Kakarka ta taɓo batun yadda ake bambanta shi da wasu ruhohi. Abokinka kuwa ya taɓo wanda ya fi ci maka tuwo a ƙwarya, wato ko kai kanka kana da shi. Zan bi su a hankali, amma ka san daga inda nake magana. Ni ɗan ikilisiyoyin bishara ne, waɗanda suka tsiro daga aikin ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), wadda ta fara aiki a ƙasar nan daga garin namu na Zinder a 1924. Na daɗe ina koyar da Littafi Mai Tsarki da kiwon ikilisiya. Inda 'yan'uwanmu Katolika da na Fentikos suke da wata fahimta zan faɗa maka ita yadda su suke faɗarta, in kuma gaya maka inda ni na tsaya.

Wane ne shi

Tun aya ta biyu ta Littafin Farawa aka ambace shi, yana shawagi bisa ruwaye kafin a tsara duniya. A cikin Tsohon Alkawari yakan sauko wa mutum ne domin wani aiki takamaimai. Ya sauko wa Gidiyon da Samson domin yaƙi, ya sauko wa annabawa domin su faɗi saƙon Allah. Akwai kuma wurin da ya kamata kowane tela ya sani. A Fitowa 28:3 Allah ya ce wa Musa ya yi magana da gwanayen da ya cika da ruhun hikima, su ɗinka wa Haruna tufafin firist. A sura 31 ya ce ya cika Bezalel da Ruhun Allah domin aikin zinariya da azurfa da sassaƙa. Waɗannan ba su yi wa'azi ba, ba su faɗi ƙasa ba. Alamar Ruhu a kansu ita ce aikin hannu da ya fita tsaf.

A wancan zamani Ruhu yakan iya barin mutum. Ya bar Sarki Saul. Shi ya sa Dawuda, bayan laifin da ya yi da matar Uriya, ya roƙi Allah a Zabura 51 kada ya ɗauke masa Ruhunsa Mai Tsarki. Sai annabawa suka fara faɗin wani lokaci mai zuwa. Ezekiyel ya ce Allah zai cire zuciyar dutse ya ba da ta nama, ya sa Ruhunsa a cikin mutane har su bi umarnansa. Yowel ya ce za a zubo Ruhu a kan kowa da kowa, maza da mata, tsofaffi da samari, har barori.

Mu Kirista mun gaskata wannan alkawari ya cika ta wurin Yesu Almasihu. A daren da za a kama shi ya ce wa almajiransa zai roƙi Uba ya ba su wani Mai Taimako wanda zai zauna tare da su har abada, ya koya musu kome, ya tuna musu abin da ya faɗa. Wannan yana cikin Yohanna sura 14 zuwa 16. A ranar idin Fentikos, kwana hamsin bayan Idin Ƙetarewa, masu bi wajen mutum 120 suna tare a Urushalima, Ruhu ya sauko musu, Bitrus da ya yi musun Ubangijinsa saboda tsoron wata baranya ya miƙe ya yi wa'azi a bainar jama'a, aka yi wa mutum wajen 3,000 baftisma a ranar.

To, shi ƙarfi ne kawai da Allah yake aikowa, ko kuwa wani ne mai magana da nufi? Sabon Alkawari yana yi masa magana a matsayin wani. Yana koyarwa, yana magana, yana hana manzanni shiga wata ƙasa ya tura su wata, yana yi mana roƙo, ana iya ɓata masa rai. Da Hananiya ya ɓoye wani kashi na kuɗin gonarsa, Bitrus ya ce masa ya yi wa Ruhu Mai Tsarki ƙarya, a numfashi na gaba ya ce ba mutum ya yi wa ƙarya ba, Allah ya yi wa. Kai ma da aka tsoma ka cikin ruwa, da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki aka yi, bisa ga Matiyu 28:19. Suna ɗaya ne, ba sunaye uku ba.

Ikilisiya ba ta zauna ta rubuta wannan dalla-dalla ba sai da gardama ta tilasta mata. Taron shugabannin ikilisiya da aka yi a Nikiya a shekarar 325 ya duƙufa ne kan allahntakar Almasihu, a kan Ruhu kuwa gajeriyar jimla kawai ya yi, cewa mun gaskata da shi. Bayan haka wasu a Masar suka fara koyar da cewa Ruhu halitta ne, babba cikin mala'iku. Atanasiyus na Iskandariya ya rubuta wasiƙu yana ƙaryata su, Basil na Kaisariya ya rubuta littafi guda a kan batun, sai taron Kustantiniya na 381 ya faɗaɗa shahadar bangaskiyar da aka rubuta a Nikiya: Ruhu Mai Tsarki Ubangiji ne, mai ba da rai, mai fitowa daga Uba, wanda ake yi wa sujada da ɗaukaka tare da Uba da Ɗa, wanda ya yi magana ta bakin annabawa. Daga baya ikilisiyar Yamma ta ƙara cewa yana fitowa daga Uba da kuma Ɗa, ta Gabas, wato Otodoks, ta ƙi ƙarin, wannan kuma yana cikin abubuwan da suka kai ga rabuwarsu a 1054. Amma a kan cewa Ruhu Allah ne, Katolika da Otodoks da mu da 'yan Fentikos duk bakinmu ɗaya.

Ka ga ke nan maganar da aka yi maka a fada tsohuwa ce ƙwarai. Abokanka ba su yi maka ƙarya game da addininsu ba. Alƙur'ani ya ambaci Ruhul Kudus, a Suratul Baƙara ya ce Allah ya ƙarfafa Isa ɗan Maryam da shi, kuma akasarin malaman tafsiri sun ce Jibrilu ake nufi. A wajenmu ba haka ba ne, dalilin kuwa yana cikin Luka sura 1. Mala'ika Jibra'ilu ne da kansa ya zo wa Maryamu, da ta tambaye shi yadda za ta haihu ba ta san namiji ba, ya ce mata Ruhu Mai Tsarki zai sauko mata. Mai kawo saƙo daban, wanda ake ba da labarinsa daban. In sun ce maka alloli uku kake bauta wa, ka gaya musu Yesu da bakinsa ya ce umarni na fari shi ne Ubangiji Allahnmu ɗaya ne. Mun gaskata Allah ɗaya ne cikin zatinsa, ya bayyana kansa Uba da Ɗa da Ruhu. Ba za su yarda ba, kai ma ba za ka bar naka ba. Ka faɗi naka da ladabi, ka saurari nasu, a ci gaba da zuba shayi. Zaman unguwa ya fi cin gardama tsada a garin nan.

Abin da yake yi a cikin mai bi

Aikinsa na fari ba mai daɗi ba ne. Yesu ya ce in ya zo zai faɗakar da duniya game da zunubi da adalci da hukunci. Wannan nauyin da mutum yake ji a ƙirji bayan ya cuci wani, ba don tsoron a kama shi ba, sai don ya san ya saɓa wa Allah, daga nan yake. Sai kuma sabuwar haihuwa da Yesu ya yi wa Nikodimu bayaninta da dare. Ba wanda yake juyowa ga Almasihu da wayonsa. Bulus ya faɗa a 1 Korantiyawa 12:3 cewa ba mai iya cewa Yesu Ubangiji ne sai ta wurin Ruhu Mai Tsarki, a Romawa 8:9 kuma ya ce wanda ba shi da Ruhun Almasihu ba nasa ba ne. Ka haɗa ayoyin nan biyu ka gani. Ba a samun Kirista na gaske marar Ruhu, wanda yake jiran a ba shi wata rana. Ko dai mutum na Almasihu ne Ruhu yana cikinsa, ko kuwa bai riga ya zama nasa ba.

A Afisawa 1:13-14 Bulus ya ce sa'ad da muka ji bishara muka gaskata, aka buga mana hatimi da Ruhu, shi ne kuma tabbacin gadonmu. Ka san yadda ake yi a Kasuwar Dole. In ka daidaita da mai keken ɗinki ka ba shi kafin alƙalami, keken na nan a rumfarsa, amma ya fita daga kasuwa, ba zai ƙara yi wa wani tayinsa ba. Haka Allah ya yi da mu. Cikar abin da ya alkawarta tana gaba, amma ya riga ya ajiye wani abu a hannu, kuma abin da ya ajiye shi ne Ruhunsa. Ka lura da lokacin da ayar ta faɗa: sa'ad da kuka gaskata. Ba ta ce sa'ad da kuka faɗi ƙasa ba.

Daga nan sai aikin yau da gobe. Yana shaida wa ruhunmu cewa mu 'ya'yan Allah ne, har mu kira shi Uba ba da fargabar bawa ba. In addu'a ta gagara, mutum ya durƙusa baki ya mutu, Romawa 8:26 ta ce shi yake yi mana roƙo da nishin da ba ya faɗuwa. Yana buɗe mana Littafi, ayar da ka sha karantawa wata rana ta tsaya maka a gaba kamar kai kaɗai aka rubuta wa. Yana ba da baye-baye domin amfanin ikilisiya: koyarwa, hidima, ƙarfafa zuciya, bayarwa, shugabanci, jinƙai, warkarwa, annabci, harsuna da fassararsu. Yana kuma haifar da hali, kuma a nan nake so ka daɗe.

Galatiyawa 5:22-23 ta jera abin da Ruhu yake haifarwa: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u da kamunkai. Baye-baye rabawa ake yi, wannan ya sami wannan, wancan ya sami wancan. Halin nan kuwa ana neman sa ga kowa. Ikilisiyar Koranti ba ta rasa baiwa ko ɗaya ba, Bulus da kansa ya shaide su a kan haka, amma a wasiƙar nan dai ya kira su jarirai, domin suna ta tsattsaguwa, suna kai juna kotu, masu hali suna ƙoshi a teburin Ubangiji matalauta suna kallo. Ashe mutum zai iya samun baiwa ya rasa girma.

Mu a Zinder mun ga wannan da idonmu. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, sanadiyyar zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Faransa, aka ƙone majami'u a garin nan, washegari abin ya kai Yamai. Ba na so in tayar da tsohon miki, kuma dole a faɗa cewa akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista a gidajensu a ranar, Allah ya saka musu. Abin da ya sa na kawo shi wata dattijuwa ce ta zumuntar mata. Ba ta iya karatu ba, in aka ce ta yi addu'a a taro jimla uku take yi ta ce amin. An kwashe mata kaya, har tukwanen da take dafa abincin sayarwa. Ta san yaron da ya fita da buhun geronta, a gabanta ya girma. Bayan wasu watanni uwar yaron ta kwanta ciwo. Tsohuwar nan ta dama kunu, ta rufe shi da faifai, ta yafa mayafinta ta shiga gidan ta gaishe ta, ta zauna bakin tabarma tana yi mata fifita. Yaron na tsaye a zaure ya rasa inda zai sa idonsa. Da matan ikilisiya suka yi mata ca, cewa ta yi ita ma ba ta so zuwa ba, amma an hana ta barci. Ban taɓa jin matar nan ta yi magana da wani harshe ba sai Hausa. In wani ya ce mini ba ta da Ruhu Mai Tsarki, sai in tambaye shi to wa ya hana ta barcin.

Batun harsuna

Kada ka ɗauka ina rena harsuna. Suna cikin Littafi. A ranar Fentikos an yi su, a gidan Karniliyas an yi su, a Afisa ma da Bulus ya ɗora wa wasu almajirai hannu an yi su. Amma a cikin littafin Ayyukan Manzanni ɗin dai akwai ma'ajin sarauniyar Habasha da Filibus ya yi wa baftisma, akwai Lidiya mai sayar da jan tufafi, akwai yarin kurkukun Filibi da iyalinsa, ba a ce ko ɗayansu ya yi magana da harsuna ba. A 1 Korantiyawa 12:29-30 Bulus ya jero tambayoyi, duka ne manzanni, duka ne annabawa, duka ne suke magana da harsuna, kuma amsar da yake nufi a kowace ita ce a'a. Shi da ya ce ya fi su duka yin harsuna, ya ce a cikin taro gara ya faɗi kalma biyar da hankalinsa ya koyar da wasu, da ya faɗi dubu goma da wani harshe. Ya kafa doka: mutum biyu, in sun yi yawa uku, bi da bi, wani ya fassara, in ba mai fassara a yi shiru. Ya kuma rufe da cewa kada a hana yin magana da harsuna, amma a yi kome da tsari.

Koyarwar da abokinka ya taɓo ba ta daɗe ba. A 1901, a wata makarantar Littafi Mai Tsarki a Topeka ta Amurka, Charles Parham da ɗalibansa suka tsaya a kan cewa harsuna su ne shaidar baftisma ta Ruhu. A 1906 William Seymour, baƙar fata ɗan bayin da aka 'yanta, ya jagoranci farkawar titin Azusa a Los Angeles, daga nan abin ya bazu duniya. A 1914 aka kafa Assemblies of God, waɗanda muke da su a nan da sunan Assemblées de Dieu. A 1967 kuma irin wannan motsi ya shiga cikin Katolika, ya fara daga ɗaliban jami'ar Duquesne. Ga abin da nake so ka riƙe: koyarwar manyan ikilisiyoyin Fentikos ba ta ce wanda bai yi harsuna ba ba shi da Ruhu. Cewa suke yi Ruhu yana shiga kowane mai bi a ranar tubarsa, amma akwai wata baftisma ta biyu ta samun iko domin shaida, ita ce harsuna suke zama alamarta ta fari. Abokinka ya zarce malamansa.

Katolika kuma suna cewa ana karɓar Ruhu a baftisma, a ƙarfafa shi a sakramentin tabbatarwa, inda bishop yake ɗora hannu ya shafa mai a goshi. Mu kuwa muna karanta 1 Korantiyawa 12:13, inda aka ce dukanmu an yi mana baftisma da Ruhu ɗaya muka zama jiki ɗaya, mu ce baftismar Ruhu sau ɗaya ce, a farkon tafiya, cika da Ruhu kuwa ana ta maimaita ta har mutuwa. A nan na tsaya. Akwai malamai masu tsoron Allah da suka fi ni karatu a kowane ɓangare, gardamar nan kuma ba a shafin nan za ta ƙare ba. Sai dai in faɗi gaskiya a kan gidanmu: wasu majami'unmu, saboda gudun hayaniya, sun koma ba sa sa ran Allah zai yi kome ranar Lahadi sai abin da aka rubuta a takardar tsarin sujada. Marar lafiya ya zo, a ce Allah ya sawwaƙe, ba mai ɗora masa hannu. Samarinmu da suke tafiya kwanan addu'a wani wuri ƙishirwa ce take kai su. Bulus ya ce wa Tasalonikawa kada su danne Ruhu, kada su rena annabci, amma su gwada kome. Mu mun riƙe rabin ƙarshe, wasu sun riƙe rabin farko.

Maganar kaka

Ka gaishe mini da ita. Tsofaffinmu da suka fito daga gidajen da ake bori sun san abin da suke gudu, shi ya sa jikinsu yake ba su tun kafin su iya faɗin dalili. A wajen bori ana kiran iska da kiɗanta da kirarinta, da garaya ko goge da ƙwarya. In ta zo sai ta hau mutum, shi ya sa ake ce masa doki, mace kuma goɗiya. Murya ta sake, tafiya ta sake, mai jikin ya kau, in iskar ta sauka ya yi atishawa ya farfaɗo, a ba shi labarin abin da ya yi. Ruhu Mai Tsarki ba ya hawa mutum haka. Ba ya kawar da hankalinka ya zauna a gurbinsa. 1 Korantiyawa 14:32 ta ce ruhohin annabawa suna ƙarƙashin ikon annabawan, wato mai annabci yana iya yin shiru ya ba ɗan'uwansa wuri. Cikin halin da Ruhu yake haifarwa kuma na ƙarshe shi ne kamunkai. Duk wanda ya ce maka Ruhu ne ya fi ƙarfinsa har ya yi abin kunya bai sani ba, ka sa masa alamar tambaya.

Amma kada kaka ta yi wa kowa kuɗin goro. Akwai faɗuwa a cikin Littafi. Ezekiyel ya faɗi rubda ciki da ya ga ɗaukakar Allah, Shawulu, wato Bulus, ya faɗi a hanyar Dimashƙu, Yohanna ya faɗi kamar matacce a tsibirin Batmusa. Ba wanda ya tura goshinsu, ba kuma wanda ya tsaya a bayansu yana jiran tarewa. Abin da na lura da shi a tarurruka shi ne dalilan faɗuwa suna da yawa. Wani nauyin zunubinsa ne ya karya masa gwiwa, wannan na gaske ne. Wani ya wuni da azumi cikin zafin watan Afrilu, ya kwana tsaye a ɗakin kwano cike da jama'a. Wani ya ga kowa ya faɗi, kunya ta hana shi tsayawa. Wani tura shi aka yi. Wani kuma ciwo ne.

An taɓa kawo mini wata yarinya da ake ta yawo da ita wajen masu addu'a, wai aljani ne yake kayar da ita in an fara waƙa. Na tambayi uwar yadda abin yake zuwa. Ta ce takan sandare, jiki ya yi ta fizga, ta ciji harshe, wani lokaci fitsari ya kuɓuce mata, in ta tashi ta yi ta barci. Ta ce ko a bakin murhu ya taɓa kayar da ita, ta nuna mini tabon ƙuna a hannunta. Muka yi addu'a, na ce gobe da sassafe a kai ta asibiti. Farfaɗiya ce. Aka ɗora ta a kan magani, ta koma makaranta. Ni ba likita ba ne, abin da ya shafi jiki nakan tura shi ga masu shi, kuma ban ga inda hakan ya rage wa Ruhu Mai Tsarki daraja ba.

Ma'aunin da aka ba mu a 1 Yohanna 4 shi ne a gwada ruhohi, a ga ko suna shaida Yesu Almasihu ya zo cikin jiki. Yesu ya ce shi Yesun ne Ruhu zai ɗaukaka. In ka fito daga taro sunan mai wa'azi ne kaɗai a bakin kowa, akwai gyara. In aka yi annabci bai cika ba, Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ce ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kada a yi ta lanƙwasa maganar. In kuma aka ce ka kawo jaka biyar a ba ka kwalbar mai ko ruwan da ke ɗauke da shafewa, ka tuna da Siman mai sihiri na Samariya, wanda ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon ba da Ruhu, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi.

To, kai fa

Akwai ƙwayar gaskiya ɗaya a maganar abokinka, kada haushi ya sa ka zubar da ita. Ba a gadon bangaskiya. Yohanna 1:12-13 ta ce 'ya'yan Allah ba ta hanyar jini ake haifarsu ba. Kakanka ya tuba don kansa, ruwan baftisma kuma ba ya aiki a kan zuciyar da ba ta gaskata ba. Ni daga nan ba na iya ganin zuciyarka, wasiƙa ɗaya ba ta isa in yanke maka hukunci ba. Tambayoyin da zan ba ka kai za ka amsa su. Da wa ka dogara domin gafarar zunubanka, da Almasihu ko da sunan gidanku? In ka yi laifi, yana damunka a gaban Allah ko sai in an gane? Kana marmarin Maganarsa da zumuntar 'yan'uwa, ko da marmarin yana hawa yana sauka? Wanda ya san ka shekarun baya, zai ce ka sake?

Ka kai tambayar har cikin shago, domin a nan za ta fi fitowa fili. Sallah ta matso, kaya sun yi tsibi, ka san ba za ka gama ba, ga wata ta shigo da shadda tana roƙo. Za ka karɓa ka ce mata jibi, ko za ka gaya mata gaskiya ta kai wani wuri? Ragowar yadin da ya isa rigar yaro, kana mayar wa mai shi ko yana shigewa ƙarƙashin tebur? Yaron shagonka in ya ɓata wuyan riga, me yake fitowa daga bakinka? In ka tarar akwai abin da yake tsaya maka a irin wuraren nan, yana hana ka sakat har ka gyara, to ba jikinka ne yake son haka ba. Bulus ya ce jiki da Ruhu gaba suke yi da juna. Wanda ba a yaƙi a cikinsa shi ne abin tsoro.

In kana marmarin ƙari, ka roƙa, ba laifi ba ne. Yesu ya ce a Luka 11:13 Uba zai ba da Ruhu Mai Tsarki ga masu roƙonsa. Afisawa 5:18 ta umarce mu mu riƙa cika da Ruhu, ayoyin da suka biyo baya kuma suka faɗi yadda cikar take bayyana: waƙoƙin yabo, godiya a kan kome, da yi wa juna biyayya. Ka roƙi Allah ya ba ka baiwar da ya ga dama, ka bar masa zaɓi. In ya ba ka harsuna, ka yi amfani da su bisa ga dokar da aka kafa. Amma kada ka yarda wani ya ce ka yi ta maimaita wasu sautuka da sauri har harshenka ya sarƙe, wai a haka ake farawa. Ba manzon da ya koya wa kowa haka.

Ka je wurin faston da ya san ka, ka ba shi labarin nan yadda ka ba ni, ku yi addu'a tare. Abokinka kuma kada ka yanke shi, da alama ƙauna ce ta sa ya ja ka zuwa taron, ilimi ne ya gaza masa. Ka kira shi shago wata ranar da aiki ya yi sauƙi, ku buɗe 1 Korantiyawa ku karanta sura 12 da 13 da 14 a zama ɗaya, ba tsallake, kowa ya faɗi abin da ya gani a ciki.